Bakwai Cikin Goma

Matakala goma sha huɗu ne daga ƙofar laburaren garin Tolliver zuwa ɗakin ƙasa inda ake duba tsofaffin jaridu, kuma gwiwar Lorene Stroud ta hagu ta san kowace ɗaya. Shekara goma sha ɗaya tana saukarsu. Da farko Talata da Alhamis ne kawai, bayan an tashi aiki. Da ta yi ritaya sai abin ya koma kullum, ban da Lahadi. Takan zo da fulas na kofi, da fensir uku feraru, da tabarau biyu, ɗaya na hanya ɗaya na karatu.

Ita dai ba malamar tarihi ba ce. 'Yar manomi ce, ta fari cikin 'ya'ya biyar na gidan Hajek, an haife ta a 1927, mil shida arewa da iyakar Kansas da Oklahoma. Shekara talatin da huɗu ta yi a ɗakin sikeli na rumbun alkamar garin. Mota ta hau sikeli da kaya, ta rubuta. Motar ta je ta juye, ta dawo wayam, ta sake hawa, ta rubuta. Sai ta cire na biyu daga na farko, abin da ya rage shi ne alkama. A girbin watan Yuni takan auna mota ɗari biyu da 'yan kai a yini ɗaya. Manoma kan ce idan karenka ya zauna a gaban mota a awon farko, to lallai ya zauna a na biyu, in ba haka ba Lorene za ta fito da kanta ta ɗora shi.

Mijinta Floyd ya rasu a bazarar 1982. Ba su haihu ba, gidan kuma ɗaki huɗu ne, duk shiru. Mai kula da laburare ta roƙe ta ta riƙa taimaka wa masu zuwa neman sanarwar rasuwar kakanninsu a jaridar garin ta dā, wato Bugle. Takardun ainihi an daɗe da zubar da su. Abin da ya rage hotonsu ne a kan fim, a naɗa shi a na'ura, a murza da hannu, shafi ya fito a gilashi toka-toka. Matattu ta je nema, sai maganar ƙasar kudu ta riƙe ta.

Babu yaro a Tolliver da bai san labarin ba. Ƙasar da ke ƙetaren iyaka ta 'yan ƙabilar Cherokee ce, Indiyawa 'yan asalin ƙasa. A watan Satumban 1893 gwamnati ta buɗe ta, dubban mutane suka jeru a kan iyaka, aka harba bindiga da tsakar rana, kowa ya zabura da doki ko keken doki ya je ya kafa turke a filin da ya riga kowa isa. Abin da Lorene take son sani daban ne: kafin a harba bindigar nan, me mutanen garinsu suke cewa?

Ta bi abin yadda ta saba bin komai. Bugle na fitowa sau ɗaya a mako. Daga 1879 zuwa ranar tseren, fitowa ɗari bakwai da biyu ne suka tsira, ta karanta kowace sau biyu. Duk rubutun da ya taɓa ƙasar kudu ta yi masa kati: kwanan wata, shafi, layi, sannan maganar. Wanda ya ce a bar wa masu ƙasa ƙasarsu, ta ja masa koren fensir a gefe. Wanda ya ce a buɗe, ja. Wanda bai nuna ɓangare ba, ta bar shi fari. Tallace-tallace da ƙananan labaran wane ya je wane ya dawo ta tsallake su, don a ganinta waɗannan ba ra'ayi ba ne. Kwalin takalmi tara suka cika da kati dubu biyu da ɗari da arba'in. Farare ɗari biyu da talatin da bakwai. Jajaye ɗari huɗu da biyar. Koraye dubu ɗaya da ɗari huɗu da casa'in da takwas.

Bakwai cikin goma ke nan, cif.

Ba ta da yawan murna a fuska, amma ranar ta tsaya a kanti ta sayi lemon zaƙi, abin da ba ta yi ba tun Floyd na raye. Ashe garinsu bai so ba. An ƙwace ƙasar dai, amma kakanninsu sun ce kada a yi, ga shi a rubuce.

Ƙanwarta Maxine ce shugabar kwamitin bikin cika shekara ɗari da tseren, wanda za a yi a Satumban 1993. Maxine kuwa ba ta ganin abu mai kyau ta bar shi a kwali. Lambar ta shiga takardun gayyata, har da goma sha biyu da aka aika wa dattawan Cherokee. Ta shiga rediyo sau biyu. Sannan aka yanke za a zuba ta a allon tagulla a kafa a gaban ofishin gari. Maƙeran da ke Wichita suka ce a ba su kalmomin ƙarshe ranar Juma'a, da sa hannun sakatariyar ƙungiyar tarihi ta garin. Sakatariyar kuwa Lorene ce.

Ranar Litinin ta wannan makon, ana zafin Yuli mai dafa ƙwai a kan kwalta, ta kai wa Orval Kinnamon hoton shafi takwas mafi daɗin karatu, don ya sa a ɗan littafin biki. Orval shekararsa saba'in da huɗu. Ubansa ne mai jera haruffan dalma na Bugle, shi ma a can ya koyi aiki, har jaridar ta mutu. Yanzu katin aure da takardun gwanjo yake bugawa.

"Ga mai sikeli nan," in ji shi, bai ɗago ba. "Yau me kika ƙirgo a hanya?"

"Rami tara, tsoho mara aikin yi ɗaya. Share teburin nan, kada ka shafa mini tawada."

Ya baza takardun, ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya sunkuya. Ya duba ta farko, ya duba ta uku. Da ya kai ta biyar sai ya daina tsokana, abin da Lorene ba ta taɓa gani ba tun suna makaranta.

"Waɗannan daga wane shafi kika ciro su?"

"Shida daga na biyu, biyu daga na uku. Ga shi nan a baya, ko idon ma ya tafi?"

"To ai ba namu ba ne."

"Me ye ba namu ba?"

"Rubutun. Ba a garin nan aka buga shi ba. Zauna, Lorene, tsayuwarki na sa ni jiri."

Ba ta zauna ba. Ya ɗauki farar takarda ya ninka ta biyu, ya ɗaga mata.

"Jaridar dā ke nan, falle ɗaya, shafi huɗu. Edita ɗaya da mai jera haruffa ɗaya, harafi bayan harafi da yatsa, ina za su cika shafi huɗu a mako? Sai su yi odar takarda daga wata babbar maɗaba'a a Kansas City. Ta zo a jirgin ƙasa duk Laraba, fuska ɗaya an riga an buga ta. Kin ninka, wannan fuskar ce shafi na biyu da na uku. Na ɗaya da na huɗu ne kawai aikin gida. Babana sayayyen ciki yake ce masa."

"Sunan Bugle na nan a saman shafin."

"Ko sunan kyanwarki kika ba su za su sa miki. Dubi layin da ya raba rubutun, miƙe sambal. Dubi haruffan, sababbi fil. Namu kuwa kamar haƙoran bakina, wani ya karye, wani ya karkace. Shekara nawa kina kallonsu ba ki gani ba?"

"Magana nake karantawa."

"Ni kuma dalma nake kallo." Ya ajiye gilashin. Muryarsa ta sauka. "Kada ki yarda da ni. Je ki Ansel ki duba tasu jaridar, mako ɗaya da tamu."

Ta tattara takardunta takwas, ta ƙirga su, ta fita ba sallama.

Ansel mil ashirin da biyu ne. Talata da safe ta isa da kati goma sha biyu a jaka. Na farko da ta fitar shi ne mai lamba ɗari shida da goma sha ɗaya, wanda ta haddace, mai cewa al'ummar da ta saɓa alkawarin da ta yi wa mai rauni ta koya wa 'ya'yanta sata da hannunta. Shekaru tana ganin editan Bugle a zuciyarta, zaune bakin taga a babban titinsu, yana rubuta wannan magana. Har gemu ta yi masa.

Ta murza fim ɗin jaridar Ansel zuwa makon da ke kan katin. Shafi na biyu, layi na huɗu. Ga shi nan, kalma da kalma. Har tallan maganin hanta da ke ƙarƙashinsa, da hoton kwalbar.

Goma sha biyu cikin goma sha biyu.

Laraba ta tafi Dunlow, mil talatin da ɗaya. Tara cikin tara, sauran ukun gobara ta cinye jaridun makonninsu. Daga nan ta wuce Merriott. Ta tsaya a gaban laburarensu, ta kashe mota, ta ci rabin burodin da ta zo da shi tana kallon ƙofa. Sai ta tayar da mota ta juya gida. Tun da take, ba ta taɓa barin ƙirga a tsakiya ba sai ranar.

Alhamis da hantsi ta juye kwali tara a teburin cin abinci. Abin da ya fi ci mata rai, aikin bai yi wuya ba. Kowane kati ta rubuta masa shafi da hannunta mai kyau, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na biyu da na uku hagu, na ɗaya da na huɗu dama. Hagu ya yi tudu har yana zubowa kan kujera. Dama kuwa tafin hannu biyu ya rufe shi.

Tana cikin ƙirga na dama karo na uku Maxine ta turo ƙofar baya da ƙugu, riƙe da faranti na kolache mai zafi, 'yan ƙananan burodi masu zaƙi irin na kakanninsu.

"Yaya, kwana uku ina buga miki waya. Kin yi saurayi ne? Kai! Wace guguwa ce ta bi ta nan?"

"Ajiye farantin, ki zauna."

Ta gaya mata duka, a jere, ba ƙari. Jirgin Laraba, sayayyen ciki, Ansel, Dunlow. Sannan ta ɗora hannu a kan ƙaramin tarin.

"Ɗari uku da tamanin da takwas. Su ne namu. Farare sittin da huɗu. Jajaye ɗari uku da ɗaya."

Maxine ta motsa leɓe tana lissafi. "Koraye fa?"

"Ashirin da uku."

"Ɗari ashirin da…"

"Ashirin da uku, Maxine. Huɗu masu shanu ne da ke kiwo a can, ba sa son manoma su shigar musu ciyawa. Goma sha tara mace ɗaya ce, wata malamar makaranta, Almira Penrod. A shafi na huɗu editan yake sa wasiƙunta, ƙarƙashin cigiyar alade."

Maxine ta ɗauki kolache ɗaya, ta mayar. Ta tashi ta zuba wa kanta kofi, ta dawo.

"To wa ya sani? Orval? Orval da ko gaisuwa ba ya yi da kwamiti?"

"Ni na sani."

"Haba, Yaya. Ai editanmu ne ya sayo takardar. A gidajenmu aka karanta ta. Abin da mutum ya karanta shekara goma sha huɗu bai zama nasa ba?"

"Sun karanta, sun naɗe ƙwai da ita. In suna da abin faɗa, a shafi na ɗaya suke faɗa, ga shi nan ja wur."

"Na aika wa mutanen nan gayyata da lambar nan a jiki! Na faɗa a rediyo da bakina! So kike in tsaya gabansu in ce, ku yi haƙuri, ashe kakanninmu ma ɗoki suke yi? Ba ƙarya ba ce fa. Abin da za a sa a allon shi ne *a jaridar wannan gari*. A jaridar yake ko ba a ciki yake ba?"

Lorene ta cire tabarau ta murza ido. Wannan hujja ita ma ta kawo wa kanta ita tun daga hanyar Dunlow, mil talatin da ɗaya tana juya ta.

"Da Floyd ya hau sikelina da mota, in rubuta masa nauyin alkama har da motar, in ce ai duk a kan sikeli suke, me za ki kira ni?"

"Wannan daban."

"Shekara talatin da huɗu ban taɓa manta cire nauyin mota ba. Sai da na zo auna garinmu, na auna shi da Kansas City a ciki."

Maxine ta sauya murya, ta dawo ƙanwa.

"Shekara goma sha ɗaya, Yaya. Idonki, gwiwarki. Ki bari a sa sunanki a jikin wani abu mai kyau mana, sau ɗaya."

Lorene ta miƙa hannu kan firiji ta ɗauko wani tsohon ambulan da ke maƙale a can. Tun shekara shida da suka wuce ta kwafi 'yan layuka a bayansa, ba don ra'ayi ba, don kawai ta ga sunan kakansu. Ta miƙa mata.

Maxine ta karanta a fili. "*Vaclav Hajek na horar da goɗiyarsa kullum a hanyar kudu, mil uku a guje ba tsayawa.* To? Ai na sha ganinsa. Kaka da son doki."

"Duba kwanan watan."

"Agusta, 1893." Ta ajiye ambulan a hankali. "Amma Kaka bai samu fili ba. Mama ta sha faɗa."

"Ta ce bai samu ba. Kin taɓa jin ta ce bai yi tseren ba?"

Agogon bango ya buga sha biyu. Maxine ta tashi ta ɗauki jakarta, ta bar farantin.

"In na ce a bar shi yadda yake fa?"

"Ba zan sa hannu ba. Ku kafa allon ba rubutu."

"Taurin kai dai irin na Baba," in ji Maxine daga bakin ƙofa. "Rubuta naki. Ni zan kira 'yan kwamiti, tunda ni ce jakar ɗaukar kayan gidan nan."

Mutum bakwai ne a kwamitin. Uku suka ce a bar lambar, uku suka ce a gyara tunda mai ƙirgar ta janye. Ta bakwai Maxine ce. Sai da ta ja tsaki sau biyu a waya kafin ta ce a gyara. Ranar Juma'a da ƙarfe tara da minti goma Lorene ta sa hannu a kan layi uku:

*Daga 1879 zuwa 1893 jaridar wannan gari ta buga rubutu 388 na mutanenta a kan ƙasar kudu. Ashirin da uku sun ce kada a taɓa ta. Goma sha tara daga ciki Almira Penrod ce ta rubuta.*

Kwana goma sha shida Maxine ba ta yi mata magana ba. A na goma sha bakwai ta zo karɓar farantinta, ta zauna shan kofi, suka yi hirar tumatir.

Ranar bikin an jera kujera ɗari da arba'in, mutum casa'in da shida suka zo. Daga baƙi goma sha biyu na Cherokee, biyar suka samu zuwa. Aka yi jawabi uku, aka ja ƙyalle, aka yi tafi irin na mutanen da rana ta dame su. Yawanci ko karanta allon ba su yi ba, suka nufi rumfar abinci. Wani tsohon manomi da ya karanta ya wuce Lorene bai gaishe ta ba, alhali mota dubu ta auna masa.

Wata tsohuwa daga cikin baƙin, Geneva Drywater, ta dogara sandarta ta tsaya gaban allon. Ta karanta sau biyu, tana bin layin da yatsa.

"A takardar da kuka aiko mana ba haka aka rubuta ba," ta ce, ba ta juyo ba.

"Ba haka ba ne," in ji Lorene. "Kuskure aka yi."

"Wa ya yi?"

"Ni."

"Wannan kuma wa ya ƙirga?"

"Ni ce dai."

Tsohuwar ta juyo ta dube ta sama da ƙasa. "Ashirin da uku."

"Huɗu ma don shanunsu ne."

"To, mace ɗaya ke nan." Ta gyaɗa kai. "Waccan lambar da na gan ta, dariya na yi, na ce bari in je in ga masu ƙarfin halin nan. Wannan kam zan iya yarda da ita. 'Yar'uwa, ina ake samun ruwan sanyi a garin nan?"

Lorene ta raka ta rumfa, taku sittin da biyu, a hankali, don dukansu biyu ba gwiwa.

Litinin ta sake sauka matakala goma sha huɗu. Katunan nan dubu ɗaya da ɗari bakwai da hamsin da biyu ba ta zubar ba. Ta mayar da su kwali bakwai, ta rubuta *nauyin mota* a murfin kowanne, ta tura su ƙarƙashin tebur. Ta buɗe sabon kwali, wayam. Fitowa ɗari bakwai da biyu, shafi biyu-biyu na gida, shafi dubu ɗaya da ɗari huɗu da huɗu ke nan, wannan karon har da talla da cigiya da wane ya je wane ya dawo. In ta yi huɗu a rana, kwana ɗari uku da hamsin da ɗaya. Shekararta sittin da shida, likitan ido kuma ya riga ya yi mata magana sau biyu.

Ta sauya tabarau, ta naɗa fim na farko, ta murza ta wuce shafi na biyu da na uku ba ta kalle su ba. A ƙasan shafi na huɗu, cikin haruffa karkatattu, wani yana cigiyar abokin tafiya kudu, mai keken doki da gatari nasa na kansa.

Ta ɗauki fensir da sabon kati, ta rubuta masa lamba ta ɗaya.